Turaren Inna a Ɗakin Leza

Tudun Wada, Zariya

Salmanu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya sanyin Jamus? Inna na gaishe ka.

Na karanta wasiƙarka. Wai "ɓallayen ba su amsa ba." Surukanka ne su, da za su ƙi amsa gaisuwa? Da hannuna na haɗa su a can ƙasar, tun kana firamare, kafin ciwon Baba ya dawo da ni gida. 'Yan ɓallayen semikondakta ne, irin abin da ake yin kayan lantarki da shi, masu ɗigon sinadarin manganis, da maganaɗisu a jikinsu, kuma su kaɗai suka rage mini. Shekara da shekaru suna cikin kwalba a toshe, ina jiran ranar da za a haska su da walƙiyar leza wadda ƙiftawar ido ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba, a ga yadda ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki a cikinsu ke kwance maganaɗisun, da yadda yake komowa. Tambayar da na tsufa da ita ke nan. Mako guda aka ba ka a kan na'urar lezar. Ka daidaita madubanka, ka duba sanyin, ka sake gwadawa.

Yayarka,
Naja'atu

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Inna.

Na sake, wallahi. Na ɗora ɓallen abokin aikina, ya amsa nan take. Naki kuwa fuskarsu ta yi dauɗa mai danƙo, haske na watsewa a kai. Na wanke ɗaya, ya fita fes, amma alamu sun nuna ya sha zafi, manganis ɗin ya gusa daga inda kika ajiye shi. Ko ya amsa, ba tambayarki zai amsa ba.

Akwai abin da na ɓoye a wasiƙar farko. Da na buɗe kwalbar, ƙamshi ya cika ɗakin, har mutane suka juyo. Kajiji ne da sandal, Yaya. Haɗin Inna. Wa ya ɗaure kayan da ɗalibarki Atika ta kawo mini?

Ranar Juma'a makona zai ƙare. Allah ya huci zuciyarki.

Ƙaninki,
Salmanu

*

Salmanu,

Bayan gaisuwa.

Ranar da Atika za ta tashi, na tafi harabar jami'a ta Kongo gadin jarrabawa, na bar kwalbar a akwati tare da kaftaninka da kilishi. Jiya na shiga ɗakin Inna bakina cike da wuta. Ban ma gama tambaya ba ta fara ba ni labari, tana murna. Ka san idonta ya tafi, da lalube take komai. Ta ce ta murɗe murfin da ƙyar, ta zazzage "'yan maduban nan" a rariya, ta ɗora bisa kaskon turare, ta lulluɓe da zane. Har garwashi ta ƙara. "Kada autana ya buɗe kaya ya ji warin jirgi."

Na yi wa shugabannin sashe tsawa a gaban ɗalibansu. Na mayar wa editocin mujallu martanin da ya hana su barci. Jiya na tsaya kan tsohuwar da ke laluben carbinta, na rasa wanda zan ci wa mutunci. Na ce mata sannu da aiki.

Ka bar wa abokin aikinka sauran kwanakin. Baɗi zan yi ritaya, babu wasu ɓallaye, babu kuma wanda zai sake haɗa mini. Kada ka rubuto mini haƙuri, na ƙoshi da shi.

Allah ya yi maka albarka.

Naja'atu

*

Salmanu,

Assalamu alaikum.

Inna ta ishe ni da tambaya, wai ƙamshin ya kai? Ka kira ta ka ce ya kai.

Ɓallayen kuma kada ka zubar. Ka sa su cikin akwatin tufafinka.

Yayarka,
Naja'atu