Ki Sha Ruwan Nan, Najiba

Zuwa ga Najiba, sanyin idona, damina mai albarka, fitilar ɗakina da ta koma asibiti ta bar ni ina lalube,

Salama da gaisuwar mai kewa. Daga ɗakinmu na unguwar Dengfeng, a nan ƙasar waje, nake rubutu, mayafinki na rataye a bayan ƙofa, ƙamshin humrarki sai raguwa yake yi a jikinsa. Tunda kika ce wa nas kada ta bar ni in shigo, takarda ce ta zama ƙafata. Wai kunyata kike ji saboda gudawa da raɗaɗin fitsari! Haba Najiba, ni? Ni da na riƙe miki kwano kina laulayin 'yarmu Fasuma?

Jiya likita ya kira ni, ga tafinta a gefe. Ya ce ranar da suka auna ki, suka zana layukan nan a mararki don gashin sankarar bakin mahaifa, mafitsararki cike take da ruwa, ita ke ture hanji daga hanyar hasken na'ura. Yanzu kuwa kullum a bushe kike zuwa, hasken yana ƙona hanjin. In gudawar ta ci gaba, dole su dakatar da gashin, ita kuwa cutar ba ta dakatawa. Shi ya rasa dalili. Ni na gane nan take, domin da azumi a bakina nake sauraronsa.

Azumi kike yi a ɓoye, ya kurciyata mai taurin kai! Na san roƙon lafiya kike yi da shi. Amma wanda kike roƙo ai Shi ya yi wa marar lafiya rangwame. Na ma tambayi malami a Masallacin Huaisheng bayan Juma'a, don kada ki ce son zuciyata ne, shi ma haka ya ce.

Kin tuna zuwanmu kasuwar Sanyuanli na farko, muna cinikin leshi rana tana dafa mu? Gorar ruwa ɗaya ta rage mana. Kika kai baki, kika fasa, kika miƙo mini, wai ba za ki iya haɗiya ba ina tsaye da ƙishi. To yau ni ne na kasa. Ana kiran Magariba sai in zauna ni kaɗai, in ɗauki dabino in mayar da shi. Garin nan cike yake da mutane, amma wa zan ce wa barka da shan ruwa?

Wallahi in kin warke, duk ranar da kika sha tare za mu rama ta, ni zan tashe ki sahur.

Na bar fulas ɗinki shuɗi wurin nas, na cika shi da ruwa da hannuna. Ban ce sai kin buɗe mini ƙofa ba. Da safe kafin gashi ki shanye, ki aiko mini da shi babu komai a ciki. Fasuma tana ta bugowa daga Kano tana tambayar ranar dawowarki, ni kuma ba ni da amsa sai na ɗaga fulas ɗin nan na ji nauyinsa.

Naki a lafiya da ciwo, har numfashina na ƙarshe,
Ghali