Za a Raba Sabar Mijina Ina Cikin Takaba

Assalamu alaikum. Admin, a sakaya sunana. 'Yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ina tsugune ina wanke wa yara kayan makaranta aka yi sallama a zaure, na ji muryar yayan mijina yana cewa a kira masa Hajiya, mahaifiyarsu. Da na ji bai neme ni ba, jikina ya ba ni. Motar da Abban yara ya hau daga Kaduna ce ta yi haɗari. Allah ya jiƙansa. Yanzu ina takaba a gidansu, nan cikin birnin Zariya, da yara uku.

Shi da Yaya suka haɗa gwiwa suka buɗe shagon kwamfuta a Ƙofar Gayan. Yaya yana kula da masu fotokwafi da buga takardu, marigayi kuma shi ne mai ilimin abin. Aikin da yake ciyar da mu na makarantu ne, ana ajiye musu sakamakon ɗalibai, iyaye su duba ta waya. Ni a sakandare na tsaya, zan faɗa yadda ya fahimtar da ni. Akwai manyan kwamfutoci biyu a ɗakin baya, saba yake ce musu. Ɗaya Windows ce, a kanta malamai suke shigar da maki, don manhajar da suka iya a nan kaɗai take aiki. Ɗayar Linux ce, ita take adana makin ta nuna wa iyaye, kuma ba a biya mata lasisi. Yakan yi dariya ya ce min, "Maman yara, ɗaya Bakanuwa ce ɗaya Bazazzagiya, in ba ni a tsakani ba sa zaman lafiya."

Haɗin ya taɓa yi mana rana. Bara wani ya kawo filash mai bairos, cutar kwamfuta, ta Windows ɗin ta kwanta, amma ko makin ɗalibi guda bai ɓace ba saboda ɗayar tana tsaye. Duk da haka Yaya ya sha yin ƙorafi, cewa kowacce da irin kulawarta, kuma in ƙanensa ya yi tafiya babu mai iya taɓa ta Linux ɗin, baƙin allo ne da rubutu kawai. Yanzu ga tafiyar da ba dawowa.

Bayan addu'ar arba'in, Baffa Malam, ƙanen mahaifinsu, ya zauna fitar wa Yaya kasonsa kafin a raba gado. Ya ce abin ya zo da sauƙi, na'ura biyu, masu ita biyu. Yaya zai ɗauki ta Windows ya buɗe nasa shagon a Ƙofar Jatau, marayu su riƙe ɗayar. Har Yaya ya ce ya bar musu sabuwar, wadda ta fi girma. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, ban taɓa ganin mugunta a tare da shi ba.

Hankalina bai kwanta ba, na kira wata injiniya a Wusasa da suka yi karatu da marigayi. Ta ce, "Madam, in aka raba su, ɗaya ba ta da wurin zuba maki, ɗaya ba ta da mai kawo mata. Kowa ƙarfe zai kai gida." Ta ce ko a bar su tare a riƙa biyan wanda ya iya duka biyun, irinsu kuma ba su da yawa. Ko a mayar da komai Windows, masu gyara sun fi samuwa amma akwai lasisi. Ko a mayar Linux, malamai su koyi sabuwar manhaja, wasu makarantun ƙila su gudu. Ta roƙe ni kada a cire ko waya ɗaya kafin a gama jarrabawar zangon nan.

Ba zan iya fita zaure cikin maza ba, sai na aika ta bakin Hajiya. Saƙon ya dawo a karkace. Yaya ya ce yaushe na san kwamfuta, ashe so nake na riƙe duka, kuma me ya kai ni kiran bare a maganar gida. Baffa ya ce rabo ba ya jiran jarrabawa. Hajiya ta riƙe hannuna tana hawaye ta ce, "'Yata, shi kaɗai ya rage min, kada ku ɓata."

In na yi shiru, makarantun za su watse, abincin yarana ke nan. In na matsa, a ce matar mamaci ta raba zumunci tun ƙasa ba ta bushe ba.

Malaman addini, ya halatta a jinkirta rabon abin da in an raba shi yake lalacewa? Masu ilimin kwamfuta, cikin hanyoyin ukun wacce ƙaramin shago zai iya ɗauka? Kuma wa zan tura wa Yaya ya saurare shi?

Baffa ya ce ran Asabar za a zo a ɗauka. Malaman makarantun sun fara shigar da maki, ba su kai rabi ba.