Ki Ɓoye Igiyar Baba

Wahran, 4 ga Maris

Yaya Tekna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da yara? Yaya jikin Baba, jirin nan ya daina kayar da shi?

Na san sanyi ya ja baya a garinmu Janet, dabinonmu ya fara fure. 'Yan kwanaki ne a hau a sa furen namijin cikin na macen, in sun wuce, bana babu 'ya'ya. Na yi alkawarin zuwa, amma ba zan samu ba. Kada ku damu, zamewa kawai na yi a wurin gini. Suna kula da ni a asibiti.

Kin san halin Baba. Cewa zai yi, “To, likitan ne zai hau mini, ko ragon ƙaninki na birni?” Bar shi ya zage ni, amma don Allah ki ɓoye igiyar hawansa. Ki roƙi mijinki ya hau mana ko dabinon bakin rijiya ne kawai. Allah ya saka masa.

Tawa igiyar kuma ki ba mijin naki, kyauta. Da ƙafa ɗaya ba a hawan dabino. Kada Inna ta ji tukuna.

Ƙaninki,
Ahamuk