Ba Don Kula da Gida Kika Bar Aiki Ba, Mma

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ce 'yarki Sadiya, daga gidan ƙanwarki Anti Habiba a unguwar Small Heath, Birmingham. Muna lafiya. Na shiga ajin ƙarshe na sakandare. Zan saka wannan wasiƙa inda jama'a za su karanta, kuma na san ba za ki so haka ba. Ki bari na faɗi dalilina kafin ki yi fushi.

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, ni da Anti Habiba. Kamfanin da kika yi wa aiki, mai ƙera ƙananan sassan nan na cikin waya da kwamfuta, ya kira iyalan ma'aikatansa da suka rasu, saboda ana ta magana a kan ciwon daji. Aka ba mu shayi da biskit. Wani mutum mai laushin murya ya tashi ya ce sun duba, ma'aikatansu ba sa mutuwa kamar yadda sauran mutanen gari suke mutuwa. Sun ma fi su lafiya, in ji shi. Sannan ya yi murmushi. Mma, kina cikin kabari, yana yi mini murmushi.

Sau nawa kika ba ni labarin ranar da kuka je neman aikin nan ke da Anti Habiba? Aka auna jininku, aka sa kuka hura wani bututu. Ita aka mayar da ita saboda asma. Ke aka ɗauke ki, kika dawo kika dafa shinkafa da wake da yajin shito, kina tsokanarta: "Habiba, Turawa sun ce ke second hand ce, ni ce sabuwa a leda." Har yanzu tana dariya in ta tuna, sai dariyar ta koma tari.

Malamarmu ta kimiyya ta taɓa koya mana wannan, ban san zan haɗu da shi ido da ido ba. Ta ce in ka zaɓi masu lafiya kaɗai ka ba su aiki, dole su fi mutanen gari lafiya, domin a cikin mutanen gari har da waɗanda ka ƙi ɗauka, da waɗanda ciwo bai taɓa barinsu sun yi aiki ba. Wato da su Anti Habiba aka gwada ku. Sun tsince ku ɗaya bayan ɗaya, mafi ƙarfi, sannan suna alfahari da ƙarfin da kuka shigo musu da shi daga gida.

To ga wadda suka ƙi nan tana raye, da abin shaƙarta a jaka, tana yi mini kitso. Wadda suka ce ta fi lafiya fa, tana ina?

Na tuna farar rigar da kuke sawa, daga kai har ƙafa, ido kaɗai a waje. Kina cewa, "Nan ne kawai a Ingila har maza ke sa niƙabi." An hana ku kwalli, an hana ku turare, kada ku ɓata kayan. Ina ƙarama na ɗauka ke rigar take karewa. Ashe kayan take karewa daga gare ki. Warin nan mai kama da ruwan goge farce da nake ji a jikinki in kin dawo, wa ya kare ki daga shi?

Ban ce na san abin da ya jawo ciwonki ba. Likita ma bai ce ya sani ba. Amma su ma ba su sani ba, kuma sun tsaya gabanmu kamar an gama magana. Wannan ne yake ci mini rai.

Ke ma ina fushi da ke, Mma, ki yafe mini. Da ciwon ya kama ki, kika je kika ce wa shugabarki za ki bar aiki don kula da gida. Suka yi miki kati da furanni. Kika kwaso mu zuwa Birmingham, kika ja kunnena: "Ciwon mace ba abin kaiwa waje ba ne. Ko a masallaci aka tambaye ki, ki ce jiki ne." Na ce jiki ne, har aka ɗauke ki. Shin sun bi sawunki sun ƙirga ki cikin ma'aikatansu da ciwon ya kashe? Na so na tambayi mutumin nan. Na ɗaga hannu zuwa kafaɗa, muryata ta maƙale, kin san ni.

Da aka tashi, ƙawarki Anti Rabi, wadda kuke aiki a ɗaki ɗaya, ta rungume ni da hannu guda. Ɗayan ta manne shi a ƙirji yadda kike yi a watannin farko na ciwonki. Ta rame. Ta ce za ta ajiye aiki ta je Kumasi ta ɗan huta, wai kewar gida ce. Na ce ta je wurin likita? Ta ce, "Ke yarinya, jiki ne." Maganarki ce sak, Mma. Ita ma za su yi mata kati da furanni.

Saboda haka zan karya umarninki, a gaban kowa. Mahaifiyata ta shiga ma'aikatar nan da cikakkiyar lafiya, su da kansu suka auna. Ta fita da ciwon daji na mama, shi ne ajalinta. Ba don kula da gida ta bar aiki ba. Duk mai ƙirga, ya ƙirga da ita.

Anti Habiba ta ce za ta karanta wa Anti Rabi wannan a waya, ko da za ta kashe mata wayar. Ranar Litinin kuma zan aika wa mutumin nan tambayata, tunda a rubuce muryata ba ta maƙalewa.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi. Allah ya ba Anti Rabi lafiya da ƙarfin buɗe baki. In na ba ki kunya, ki yi haƙuri, na fi son kunyar da wata jana'izar.

Taki har kullum,
Sadiya