Shirun da Na Yanke

Litinin, 8 ga Mayu, 2023

Kasuwa ba laifi. Masu caji sun fi masu turin waƙa yau. Wajen la'asar Malam Kashim ya tsaya a shago, wanda ke koyar da Faransanci a sakandaren garin nan. Na san shi da gani, kullum yana wucewa a keke da jakar leda rataye, amma bai taɓa tsayawa ba. Ya miƙo mini ƙaramar wayarsa, ya ce muryarsa ce a ciki, darussa ne ya ɗauka a ɗaki lokacin hutu. Yana so in kwashe in zuba a kwamfuta, duk ɗalibinsa da ya kawo memori in tura masa. Na cikin wayar kuma in goge, ya samu wurin ɗaukar wasu.

Na ce ai ba a barin yara da waya. Ya ce na gida za su ara, na yayye da na iyaye. "Littafi ɗaya gare mu, Lado, shi ma bangonsa ya tafi. Harshe kuwa da kunne ake kama shi."

Sai da ya hau keke ya faɗi abin da ke cinsa. Ƙarshen zangon nan 'yan aji huɗu za su zaɓi darussan da za su ci gaba da su. Shugaban makaranta ya ce in masu Faransanci ba su kai goma ba, an rufe ajin. Shi kuma a san inda za a kai shi.

Na jona wayar a kwamfuta. Ni da aji biyu na tsaya, me zan ce.

Talata, 9 ga Mayu

Na kunna ɗaya don in ga ko ya kwafu. Ya faɗi magana, sai shiru. Ya faɗi wata, sai shiru mai tsawo, har kana jin akuya a bayan gidansa. Wayar ce ta tsufa, ina ji. Sama'ilu mai shayi ya leƙo ya ce, "Wane ne wannan mai magana ta hanci? A ba shi citta."

Juma'a, 12 ga Mayu

Yara sun fara zuwa. Sa'adiyya, ƙanwar Abdulnasir ɗan acaɓa, ta kawo memorin yayanta a ƙulle a bakin hijabi. Ta ce Malam ya ce su riƙa ji lokacin wanke-wanke, maza kuma a gona. Darasi ɗaya kwana uku, kada a yi tsalle. Ta nuna mini wasu katuna da ya yanka musu daga kwalin ganyen shayi, gefe ɗaya zanen kofi ko kujera ko kaza, ɗaya gefen sunan abin. Ashe kwalayen da yake karɓa wurin Sama'ilu ke nan. Kazar ba ta yi kama da kaza ba.

Laraba, 17 ga Mayu

Abdulnasir ya zo da memorin nan dai. "Goge mini lalataccen abin nan, rabinsa ba kowa a ciki. Ka sa mini ci-gaban fim ɗin."

Na ce na ƙanwarka ne. Ya ce waya tasa ce.

Na goge.

Asabar, 20 ga Mayu

Wasu biyu kuma yau. Ƙanne su kawo da safe, yayye su dawo da shi bayan kwana uku. Hannun da ya tura shi ne ke gogewa, kuma duka biyun ana biyana. Malam ya wuce ya ɗaga mini hannu, ya tambayi yadda ake ciki. Na ce ana ta karɓa. Ba ƙarya na yi ba.

Lahadi, 21 ga Mayu

Na samo dabara. Duk ƙorafinsu ɗaya ne: abin ya cika wuri, kuma rabinsa shiru. Akwai manhajar da nake yanke tallar da ke gaban waƙoƙi da ita. Na zauna tun hantsi na bi darussan ɗaya bayan ɗaya ina yanke wuraren da ba magana. Sun dawo ba su kai rabin girmansu ba. Yanzu murya na bin murya, tsaf, kamar labaran rediyo. Na ajiye sababbin a kan tsofaffin don kada su cakuɗe mini.

Ba zan gaya wa Malam ba sai ya ga an daina gogewa. Rabon da in ji daɗin aikin hannuna haka an daɗe.

Alhamis, 25 ga Mayu

Duk wanda ya zo, sabon nake tura masa. Har Abdulnasir ya yarda a bar shi, tunda ba ya cin wuri.

Laraba, 31 ga Mayu

Fetur ya tashi. Kowa maganarsa ke nan. Inji sai da yamma zan riƙa tayarwa.

Talata, 6 ga Yuni

Sa'adiyya ta zo cajin fitila. Ta tsaya tana murza bakin hijabi, sannan ta ce, "Yaya Lado, me ya samu Malam a cikin wayar nan? Gudu yake kamar mai tallar magani a mota. Kafin in buɗe baki ya wuce."

Na ce ki buɗe baki ki yi me?

Ta dube ni. "In maimaita mana. Ai in ya faɗa jira yake mu faɗa."

Ta ce ƙawayenta sun daina ji tun makon jiya, sun ce kansu ba zai ɗauka ba.

Na ba ta fitilar wani, sai da ta dawo da ita.

Laraba, 7 ga Yuni

Na duba ko'ina a kwamfutar. Babu tsofaffin. Na wayar Malam kuwa ni na goge su da hannuna ranar farko.

Alhamis, 8 ga Yuni

Na tare shi a hanya, na ce Malam in ba damuwa ka shigo. Na kunna masa. Ya zauna a benci ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ji darasi guda har ƙarshe. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya ce kawai: "Wurin nan da ka yanke, nan ɗalibin yake zama."

Na ce a sake ɗauka, ni zan riƙe wayar. Ya girgiza kai. Hutu guda ya ci yana yin su, yanzu ga jarrabawa zai tsara, ga gona, ga ruwa in ya sauka a kwanon ɗakinsa ba a jin komai. Muryar ma ta dishe, alli ya cinye ta. Ya ce in bar shi, Allah ya sa haka ya fi alheri.

Na ce zan iya mayar da shirun. Yankewa na yi, zan iya ƙarawa. Sai dai ban san tsawon kowanne ba.

Ya mayar da hularsa. Ya ce, "Ka faɗi abin da na faɗa, a hankali, kamar wanda bai iya ba. Ka ƙara numfashi ɗaya. Tsawonsa ke nan."

Kamar wanda bai iya ba. To.

Asabar, 10 ga Yuni

Na fara. In kunna jimla, in tsayar, in faɗa, in ja numfashi, in auna, in saka. Harshena kamar an ɗaure shi da zare. Akwai wani harafi da ake kakaro shi daga maƙogwaro, na yi ta yi har Sama'ilu ya aiko yaro da ruwa wai ko ƙaya ce ta maƙale mini. Tun azahar har magariba darasi ɗaya ban gama ba. Ga su da yawa.

Litinin, 12 ga Yuni

Shirun da kwamfuta ke sakawa ba irin na Malam ba ne. Nasa akwai iska a ciki, akwai akuya, ka san mutum na nan yana jiranka. Wannan kuwa ɗif, kamar waya ta mutu. Duk wanda ya ji zai duba batir. Na zagaya bayan shago na ɗauki iskar wurin, kajin maƙwabta na tono, ana daka daga nesa. Da ita nake cikewa yanzu. Ya fi.

Ban san ko akwai wanda zai lura ba.

Lahadi, 18 ga Yuni

An yi ruwa mai kyau. Gari ya watse gona. Na gama kashi ɗaya cikin uku, ba wanda ya zo karɓa.

Alhamis, 22 ga Yuni

Na aika wa yaran ta bakin Sa'adiyya cewa an gyara, su kawo memori, kyauta ne. Ita ta kawo, da wani yaro daga hanyar Kazaure. Sauran wai sun riga sun gaya wa iyayensu abin ya fi ƙarfinsu. Ta ce ɗaya ta ce mata, wanda ba ka gane shi a waya ba, a takardar jarrabawa za ka gane shi?

Sama'ilu ya daina kirana Lado. Muse yake ce mini, wai haka ake kiran manya a Damagaram. "Muse, a sa madara?"

Juma'a, 30 ga Yuni

Hidimar Sallah. Waƙa, waƙa, fim, waƙa. Na goge na Malam a memori uku, ban ma yi gardama ba.

Laraba, 5 ga Yuli

Ina ci gaba. Ban san don wa ba. Darasin yau na kasuwa ne, nawa ne wannan, ya yi tsada, rage mini. Jiya na gaisuwar mara lafiya ne. A tsakiyarsa Malam ya yi tari ya ce a gafarce shi da Hausa, sannan ya ci gaba. Ban yanke tarin ba.

Litinin, 17 ga Yuli

An yi zaɓen. Mutum huɗu.

Talata, 18 ga Yuli

Malam ya tsaya da keke bai sauka ba. Ya ce an rufe. Za a mayar da shi wata makaranta a Gwiwa, ya riƙa koyar da darasin zaman jama'a, wai can suna da giɓi. Huɗun nan an ce su zaɓi wani abu. Sa'adiyya ta yi kuka a ofis, aka ce ta ɗauki darasin aikin gona.

Na ce Malam, da ban taɓa ba fa?

Ya ce, "Da shida za su zama, ko bakwai. Kada ka ɗora wa kanka." Ya faɗe shi da sauri, kamar ya shirya amsar tun daga gida. Ban san ko gaskiya ba ce. Shi ma bai sani ba.

Alhamis, 27 ga Yuli

Na ƙarasa na ƙarshe. Ba wanda na gaya wa.

Lahadi, 6 ga Agusta

Tun juyin mulkin Nijar an rufe boda, masu zuwa Babura sayayya sun ce ko sefa ba ta motsi. A teburin shayi ana cewa masu Faransancin ma korarsa suke yi, sai mu ne za mu ɗauka? Abdulnasir ya fi kowa dariya. Na yi kamar ina gyaran soket.

Asabar, 2 ga Satumba

Malam ya tafi. Abdulnasir ne ya ɗauke shi, katifa a naɗe a baya, keken kuma an ce sai wani zuwan. Ya sa aka tsaya a ƙofar shago. Ya miƙo mini leda, katunan kwalin nan ne, ya ce in ba Sa'adiyya. Na ce darussan fa, na gama su, in zuba masa? Ya ce wa zai ba a can. In goge kawai in samu wuri.

Ya riƙe hannuna. Sai ya yi mini maganar nan ta ƙarshen darasin farko, wadda ake yi wa mai tafiya, a hankali, yadda yake yin ta a waya. Ya yi shiru.

Na san amsar. Tana nan a bakina. Sama'ilu na tsaye da buta, Abdulnasir na murza mai, ga masu karɓar waya. Na ji tsawon shirun yana tafiya, na ji inda numfashin yake, na ji ya ƙare.

Na ce Allah ya kiyaye hanya, Malam.

Ya ce amin. Suka tafi.

Laraba, 13 ga Satumba

An koma makaranta. Na ga Sa'adiyya da fartanya a kafaɗa, ranar aikin gona ce. Ta gaishe ni ba ta tsaya ba. Katunan na nan a ƙarƙashin tebur, na kasa miƙa mata.

Talata, 19 ga Satumba

Rana tsaka ba kowa, an kawo wuta. Na ce bari in goge abin nan yau in huta. Na kunna na farko don in tabbatar shi ne, kada in goge na wani. Shi ne. Na bar shi ya ɗan yi gaba, hannuna na kan wayoyin mutane ina jerawa.

Ban goge ba. Wuri bai matse ni ba tukuna, shi ke nan dalili.

Abu ɗaya dai na lura, kuma aikin hannuna ne, dole in lura. Shirun da na saka a darussan farko ya yi tsawo. Lokacin da na auna shi daidai yake. Yanzu sai in gama maimaita abin da ya faɗa, in ja numfashi, in zauna ina jin kaji suna tono, Malam bai dawo ba tukuna.

Ba zan rage ba.