Cokalin da Ka Aiko Min

Suleja,
Maris, 1996.

Zuwa ga ɗana Hashim, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Ikilima. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ubanka a aji huɗu ya yi wa boko sallama, kuma bokon bai biyo shi yana roƙo ba.

Saƙon da ka ba Dogara direba da ƙaramar Sallah ya iso. Na je tasha ina leƙen kujerar gaba ko kai ne, sai ya miƙo min ƙunshi. Na kwance na ga wani ƙarfe mai ƙyalli kamar kan cokali, da ƙugiya uku a gindinsa. Dogara ya ce wai ka ce na kama kifi ne. To, na sauka rafin Iku, ƙarƙashin gada inda nake zuwa da kai kana ƙarami, na soka wa kowace ƙugiya tana, na jefa, na zauna shiru kamar mai gadin banki. Har la'asar ko kwaɗo bai gaishe ni ba. Istifanus mai gyaran keke ya zo ya tarar da ni, ya yi dariya har ya zauna a laka. Ya ce abin nan ba ya son tana, ba ya son zama. Jefawa ake yi a riƙa jawowa, manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu su ɗauka ƙaramin kifi ne ke gudu. Na ce masa ashe har kifi an fara yi masa damfara a ƙasar nan.

Amma wallahi yana aiki. Tsakanin ledoji da kumfar masu wankin mota, wani kifi tsage ya fizge shi har igiya ta yanke ni a yatsa. Na waiwaya in ce ka miƙo kwando, sai na ga akuyar mutane ce a bayana. Ba a daɗe ba cokalin ya maƙale a wata tsohuwar taya cikin ruwa, ya tafi ke nan. Na dawo gida kamar wanda aka kora daga aiki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san mahaifiyarka, tunda kai ne ɗan fari ba ta taɓa kama sunanka ba, kullum sai dai wancan yaron. Da ta ji labari sai ta ɗauko cokalinta na shayi ta ce in kai wa maƙeri ya yanke ya huda. Na tsokane ta na ce yaushe ta fara son kifi. Ta ce ba kifi ba ne, ba ta so Hashim ya zo ya tarar an yar da abinsa. Haka ta faɗa, da sunan, a gaban ƙanwarka Halimatu. Tana faɗa ta shige ɗaki.

Ni ina da bakin wasa, zan iya jure wata Sallar a tasha. Ita ba na jin za ta iya. Babbar Sallah ta kusa. Kada ka ba Dogara komai a wannan karon, ka shigo motar da kanka.

Halimatu da Baffa Bamalli suna gaishe ka. Ka gaishe min da Ikilima, ka ce mata tafiyar har da ita.

Ni ne mahaifinka,
Gambo.