Ba Su Tsaga Ni Ba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya maigidanki da yara, da 'yata sarkin surutu?

Na san kin yi fushi da shiruna na wata biyu. Ba aiki ne ya yi yawa ba, kamar yadda na ce miki. Ciwon ciki ne ya kayar da ni a ɗakin guga na otal ɗinmu, abokiyar aikina ta kai ni asibiti. Likita ta ce wani sashe da ke bayan tumbi ne ya kumbura, har wani ɓangarensa ya mutu.

Na ce, "To, tsaga ni za ku yi?"

Ta ce, "A'a, ta baki za mu bi."

Siririn bututu mai kyamara suka zura ina barci, suka kwashe mataccen naman kaɗan-kaɗan, har sau uku. Na ɗan ji jiki. Akwai ranar da na ba ma'aikaciyar jinya lambarki, na ce ta ajiye kusa. Amma ya wuce, alhamdu lillahi, ko tabo babu.

Yanzu ina cin abinci, ban da maiƙo. An ajiye mini aikina. Ki turo hoton 'yata, Allah Ya saka miki da riƙonta.

Ki gaya wa Inna komai, amma ki fara da cewa na warke.

Ƙanwarki.